Tseren Motar da Baba Ya Ci

Wata Asabar a gidanmu na Lugbe, Yaya Sadiq yana buga gem ɗin tseren mota, sai Baba ya zauna kan kafet ya ce, "Ku ba ni in gwada mana."

Yaya ya miƙa masa hannun gem ɗin da ba a jona ba, wanda muke ruɗin yara da shi, ya ci gaba da tuƙi da nasa a ɓoye. Ina ganin wayar hannun gem ɗin yashe kusa da ƙafar Baba. Baba yana karkacewa a kowace kwana, har hularsa ta faɗi.

"Uwata, kin ga tuƙi?"

Na gyaɗa kai. Har yau yana ba baƙi labarin ranar da ya zo na ɗaya, kuma ni yake kira shaida.