Wadda Ke Tsaye a Bakin Ƙofa

Mai ɗinki ta ɗaga ƙafa daga kan keke ta kasa kunne. A bayan labule, kan tarin ƙyallaye, Kyauta ta fara wannan numfashin mai nauyi da take yi idan barci ya yi nisa da ita. Mai ɗinki ta ɗauki babban almakashi ta sake shi a kan siminti.

Yarinyar ta zabura. Ba a bar ta ta ko murza ido ba, aka ce ta tashi ta sayo baƙin zare, alhali zare cike yake da aljihun tebur. Haka suke yi kullum in ta dawo daga makaranta ta ɗan kishingiɗa. Maƙwabta suna cewa Maman Kyauta ba ta da tausayi, ba su san tausayin ne ya hana ta sukuni ba.

Mafarki ne ya jawo duk wannan. Mafarki ɗaya tak, yana ta maimaita kansa. Kyauta takan ga kanta ƙanƙanuwa a wani gida mai bene, matakalarsa da koren ƙarfe. Wata mata mai tabon ƙuna a hannu tana taje mata kai. Sai waya ta yi ƙara a sama, matar ta hau da sauri. Daga nan wani ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ta bayanta, riƙe da 'yan takalmanta, yana kiranta ƙasa-ƙasa. Ba ta taɓa ganin fuskarsa ba.

Ranar da Kyauta ta fara ba da labarin, allura ta shige ɗan yatsan Mai ɗinki, ba ta ji ba sai da ta ga jini a kan farin yadi.

Mai kemis na gefen shagon mutum ne mai son bayani, ko an tambaye shi ko ba a tambaye shi ba. Shi ya ce kowa yana mafarki, mantawa ake yi. Ya ce wanda ya farka a firgice ya kama wata hidima, mafarkinsa kan goge kafin ya wanke fuska, amma wanda ya farka ya kwanta shiru bai motsa ba, shi kan riƙe nasa. Har ya ƙara da cewa akwai masu sanin mafarki suke yi tun suna ciki, su juya yadda suka ga dama. Mai ɗinki ta kama rabin maganar, daga ranar almakashi ya fara faɗuwa. Sauran rabin kuwa Kyauta ce ta kama, tana tsugune a gefe tana haɗa maɓallai.

Mafarkin bai goge ba, sai ma ƙaruwa da yake yi. Kyauta ta ce yanzu da zarar ta ga koren ƙarfen nan takan gane barci take yi, sai ta fara ƙoƙarin juya wuyanta. Wuyan nauyi gare shi kamar jiƙaƙƙen bargo, amma kullum yana ɗan ƙara juyawa. Ta fara ganin ƙafafu cikin silifas. Bayan 'yan makonni ta ga gefen zani, ta ce ashe mace ce.

Wasu suka ce iska ce, a nemi taimako. Mai kemis ya ce a kai ta babban asibiti a birnin da suka baro. Mai ɗinki ta ce ita da birnin nan har abada, ta ja labule. Ita kaɗai ta zo unguwar da yarinyar a goye, ba miji, ba dangi, ko hoton jarirantaka babu. Ta kwana da yunwa don Kyauta ta ci, ta yi jinyar ƙyandarta a zaune har ƙafafunta suka kumbura. Ba ta da kowa a duniya sai ita. Kuma ta sani, sani na haƙiƙa, ranar da wuyan nan ya gama juyawa ta rasa ta ke nan. Tsoro ya cinye ta har rigunanta suka yi mata yawa.

Wata rana da la'asar wata mai kaya ta zo da masifa, wai an ɗinka mata riga da zaren da bai dace ba. Ta ja Mai ɗinki har bakin titi don ta gani a hasken rana. Mutane suka taru, kowa da abin da yake faɗa. Mai ɗinki tana ba da haƙuri, idonta yana kan ƙofar shago, matar kuwa ta riƙe mata hannu gam. Da ƙyar ta ƙwace.

Shagon ya yi tsit. Ba ta ji numfashin nan mai nauyi ba. Ta yaye labule.

Kyauta tana kwance rigingine, idonta biyu, ko ɗan yatsa ba ta motsa ba. Mai ɗinki ta ce ta tashi maza ta sayo zare. Yarinyar ba ta tashi ba. A hankali ta juyo da kanta, ta daɗe tana kallon fuskar da ke tsaye a kanta.

“Mama,” ta ce, “cewa kika yi alewa kawai za mu sayo mu dawo, kafin uwata ta sauko.”