Tsohuwar Rikodar Inna

Ma'u ta kunna sabuwar sifikar da ta sayo a Gusau. "Inna, na sa an juye kaset ɗin Yaya Lawali a waya. Yau za ki ji shi tangaran, ba irin shuuu ɗin tsohuwar rikodarki ba."

Yayanta Yusha'u ya zuba wa sifikar ido. Shekara tara ke nan da rikodar ta cinye kaset ɗin da marigayi wansu ya aiko wa mahaifiyarsu daga Legas. Yusha'u ne ya ɓuya ya kwaikwayi muryar Lawali a wani kaset, ƙugin rikodar ya rufa masa asiri.

Murya ta fito fes: "Inna, ina nan tafe Bungudu da Sallah." Duk wanda ya ji ya san Yusha'u ne.

Ya durƙusa. "Inna, ki gafarce ni."

"Tashi. Ni fa na haife ku. Tun ranar farko na gane." Ta share ido da bakin zane. "Ma'u, kashe abin nan ki miƙo mani rikodata. A cikinta ɗiyana maza biyu ne. Taki ta bar mani guda."