Rijiya Ba Ta Ƙetare Iyaka

Kun kawar da kai ranar da aka ce jinin waɗanda zazzaɓin sauro ba ya kamawa shi ne sabon fetur ɗin ƙasa. Yanzu "rijiya" ake kiransu.

Ladiyo, ɗaya daga cikinsu, ta yi sammakon tashar Katsina, mahaifiyarta na Maraɗi rai a hannun Allah. Tana taka mota, awarwaron da masu bincike suka sa mata ya hau kuka.

Ta ce, "Baba direba, wuni ɗaya kawai."

"Sauko, 'yata. Ina kika taɓa ganin rijiya ta ƙetare iyaka?"

Wani fasinja ya gyara zama a gurbinta.

Maganin da aka haɗa da jininta ne ya raya 'ya'yanku. Ku je ku sa a sake ta, tun uwar tana numfashi.