Keke Mai Mazauni Biyu

"Taka mana! Ko barci kike yi a gaban?"

Noémie Castan ta ciji leɓe, ta ƙara danna feda. Hawan bai kai a kira shi tudu ba, amma keke mai mazauni biyu nauyi gare shi, ga shi tsohon da ke bayanta bakinsa ya fi ƙafarsa aiki.

Shekara talatin da ɗaya Lucien Faugère ya yi yana raba wasiƙu a kan keke a ƙauyukan yankin Berry. Babu gadar da bai sani ba, babu karen da bai san haushinsa ba. Shekara uku da suka wuce, wata safiya, mota ta kwashe shi a hanya, mai motar bai bar ko suna ba. Ya farfaɗo a asibiti da ransa, amma babu ido.

Akwai ƙungiyar masu sa kai da ke fita da makafi a keke, mai gani a gaba, makaho a baya. Nan Noémie ta shiga, ta kuma nemi a haɗa ta da shi. Kowace Lahadi sai ta yi tafiyar awa guda a bas, don ta daɗe da sayar da motarta. Wata goma sha huɗu ke nan, ko sau ɗaya bai ce mata sannu ba.

"Me kike gani a dama?" ya tambaya.

"Hasumiyar tsohuwar fada, Monsieur Faugère."

"Hasumiya! Ɗakin tattabaru ne, sakarai. Ido biyu a kanki, asara kawai."

Haka yake mata kullum. In ta kama birki, ya ce matsoraciya. In ta saki, ya ce so take ta ƙarasa shi. Burodi da cukun da take kawo masa, sai ya shinshina ya miƙa mata abinta. Matar gidan burodin ƙauyen ta taɓa janta gefe ta ce, "Wallahi da ni ce, da tuni na juye shi a kogi." Noémie ta yi murmushi kawai. Duk abin da ya jefo mata haɗiyewa take, kamar mai shan magani.

Suka iso mararrabar da ke da gicciyen dutse. A nan kullum take karyawa hagu, su bi bakin kogi. Tana fara karkata kan keken ya ƙwanƙwasa mata baya da yatsa.

"Miƙe. Hanyar tsohon coci za mu bi yau."

"Kwaltar can ta farfashe."

"An gyara ta bara. Makaho ne ni, ba kurma ba. Miƙe!"

Ta miƙe.

Duk yankin babu hanyar da ta kai wannan shiru, shi ya sa baƙi masu yawon keke suke sonta. Gonakin alkama dama da hagu, ba mota, ba kowa, sai ƙarar sarƙa da numfashinsu. Can ta hango kangon cocin, shekara ɗari takwas a tsaye, ba rufi, hankaki sun jeru a kan bango. Daga nan hanya ta gangara, katangar cocin ta rufe abin da ke gaba. Tun da sauran nisa Noémie ta matse birki har taya ta yi kuka.

"Tsaya," in ji shi.

Ya sauka, ya laluba har hannunsa ya taɓa katangar. Ya daɗe yana shafa dutsen.

"Nan ne. A wannan kwanar."

Idonta yana kan kwalta.

"Kowa ya ɗauka wucewa kawai motar ta yi. Ko 'yan sanda haka na gaya musu. Ƙarya ce. An tsaya. Na ji an buɗe ƙofa, an zo an durƙusa a kaina. Jini ya rufe mini fuska, amma kunnena garau. Ana kuka ana cewa, 'Kada ka mutu, don Allah kada ka mutu.' Na ce a raina, na tsira. Sai na ji an tayar da mota." Ya tofar da yawu. "Awa biyu ina kwance kamar mushen kare kafin wani manomi ya tsince ni. Likita ya ce da an kai ni da wuri, da an ceto ido ɗaya. Ɗaya ma ya ishe ni hawa keke."

Ya koma ya hau mazauninsa. Noémie ta ɗora ƙafa a feda, ƙafar ta zame, sai a karo na biyu ta kama.

Suka gangara, suka haye gadar dutse. A ƙasan gangaren hanya ta rabu biyu. Ba ta gaya masa ba, amma ya sani.

"Hagu gidana. Dama ofishin 'yan sanda, kilomita huɗu. Kan keke a hannunki yake."

Ta sa ƙafa a ƙasa. "Me za mu yi a ofishin 'yan sanda, Monsieur Faugère?"

Ya matso har ta ji hucinsa a ƙeyarta.

"Mutum biyar ƙungiya ta turo mini kafin ke, duk na kore su. Ke kuwa, tun ranar da kika tsaya a ƙofata kika ce ina kwana, na gane muryar da ta roƙe ni kada in mutu."