Rawaya a Hoton Baƙi da Fari

Takarda ta talatin da bakwai ta fito daga firinta. Mai Hoto ya ɗaga ta sama, ya ƙura mata ido, ya ja tsaki, ya raba ta biyu. Saura takarda goma sha uku a cikin kwali, hotunan da ake jira kuwa goma sha biyu ne. Ƙarfe huɗu na yamma motar masu baje kolin hotuna za ta zo ɗauka.

Shekara arba'in yana ɗaukar hoton baƙi da fari, aikinsa bai taɓa hawa wani bango ba sai na shagonsa. Sai bana, da furfura ta gama cinye masa kai, aka ce ya kawo goma sha biyu, za a ba shi bango guda shi kaɗai. Har an buga sunansa a katin gayyata. Ya sani sarai, irin wannan kiran ba zai sake zuwa ba.

Ana haka kamfanin da ya ƙera tsohuwar firintarsa ya daina yi mata tawada. Dole ya koma wa ta wani kamfani daban, kwalba shida, daga baƙi wuluk zuwa ruwan toka mai haske, wadda ake zuƙa da sirinji a ɗura da hannu. Abokan sana'a sun yaba ta. Shi kuwa tun da ya zuba ta, duk hoton da ya fito sai ya ga rawaya ta kwanta a kansa, kamar an shafa masa ruwan shayi.

Babu abin da bai gwada ba. Ya wanke kan firintar sau uku, kada ragowar tsohuwar tawada ta gauraya da sabuwa. Ya sauya ƙwan fitilar shagon sau biyu, yana mitar cewa ƙwayayen zamani ba su da haske. Ya tsiyaye tawadar ya sake ɗurawa, har yatsunsa suka yi baƙi ƙirin, domin bakin sirinjin ya yi ta kauce wa ramin da ake ɗurawa. Akwai na'urar auna launi da aka taɓa ba shi kyauta, tana nan a aljihun tebur cikin ledarta. Ya sha faɗa cewa duk wanda sai inji ya gaya masa ruwan toka, gara ya nemi wata sana'ar.

Matarsa ce ke yanka takarda tana saka firam, shekara talatin ke nan. Ta sunkuya ta ɗauki ɓari biyun da ya jefar, ta haɗa su a kan cinyarta. Hoton wani tsohon kafinta ne rungume da zartonsa.

"Malam, ni fa ban ga aibinsa ba," ta ce a hankali.

"Ke dama yaushe kika taɓa ganin aibin hoto? Kawo wata takardar."

Ta miƙa masa, ba da son ranta ba. Wannan takardar ba a samun ta a kusa, sai an yi odar ta a jira mako uku.

Ya duba agogon bango, ya matsa kusa ya sake dubawa. Ƙarfe ɗaya da rabi. Kowane hoto minti goma yake ci a firinta. Idan ƙarfe biyu ta buga bai fara ba, shi ke nan, bangon nan zai tsaya fayau da sunansa a sama, mutane su zo su kalli fenti. Gumi ya jiƙa masa riga. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji ba ko ranar da ya fara riƙe kyamara.

Ya danna ta talatin da takwas, ya ɗauki waya ya kira mai tawada. Bai ko amsa gaisuwa ba.

"Ka kashe ni! Ka sayar mini da ruwan banza. Ka zo yanzu ka ga aikinka da idonka!"

Mai tawada magidanci ne mai sanyin hali, shagonsa na bayan layi. Ya iso yana haki, ya tarar da tsakar shagon cike da yagaggun hotuna, da ƙyar ya sami wurin taka ƙafa.

"Baba, wallahi babu launi a cikinta. Garin gawayi ne zalla da ruwa, ta ina rawaya za ta shiga? Mutum nawa na ba wa, babu wanda ya dawo."

"To ni na dawo!" in ji Mai Hoto. "Ɗan nan, shekara arba'in. Ka taimake ni, ka gaya mini abin da kuka zuba, ko zan san yadda zan yi da sha biyun da suka rage."

Firinta ta tofo hoton. Ya fizge shi tun bai bushe ba, ya ja mai tawada har bakin ƙofa, inda hasken rana ba ya ƙarya. Ya shimfiɗa shi a tafin hannu, ya dangwala yatsa da ƙarfi.

"Duba nan. Nan ta fi yawa. Ka rantse wannan ba rawaya ba ce!"

Mai tawada ya sunkuya ya duba. Ya waiwayi matar, ya ga ta riga ta toshe bakinta da gefen mayafi, hawaye na gangaro mata.

Yatsan Mai Hoto na kan gefen takardar ne, fari fat, inda ko ɗigon tawada bai sauka ba. Ashe rawayar a idonsa take.