Leshin Shiga Jirgi

"Zo ki kama min zanin nan," in ji Mama.

Gobe za mu bar garinmu Silver Spring a Amurka mu shiga jirgin ruwa na shaƙatawa, an kuma ce akwai daren da ba a zama cin abinci sai da kayan kece raini. Ni fargabata ɗaya ce, kada Turawa su yi ta kallonmu.

"Mama, ki sa baƙar doguwar riga mana, kamar kowa."

"Baƙa? Makoki za ni? Leshin bikin yayarki zan sa, a ɗauke mu hoto ku ajiye."

Baba na tsaye bakin ƙofa yana kallonmu. Mutumin da bai san hutu ba, shi ya sayo tikitin babu shawara.

Na kama bakin zanin. Bara da ƙyar ya rufe ta, har muna tsokanar ta. Yau ya zagaye ta sau biyu, ga saura a hannuna.

Na ɗaga kai. Mama ta riƙe hannuna, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗaura kawai, 'yar albarka. Likita ya yarda in je. Kada ƙaninki ya ji sai mun dawo."