Ɗigo Ɗaya a Jadawalin Ban Ruwa

Kai da kake ce mini ƙaramin kuskure ba ya hana aiki tafiya, zauna in ba ka misali. An yi wani gwanin rubuta manhajar kwamfuta, manoman rani na garinsu suka ba shi aikin tsara jadawalin ban ruwa. Magudana ɗaya ce, gonaki ashirin, kowa da ranarsa. Kawunsa ne shugaban manoman, shi ya tsaya masa, kuma don kawaici ya ce a sa sunansa a ƙarshe. Gwanin ya zana gidajen jadawalin, kowane gida tsayinsa ɗigo goma sha shida, irin ƙananan ɗigon nan da ke haɗuwa su yi hoto a fuskar kwamfuta. Amma rubutun da ya zaɓa, kowane layi ɗigo goma sha bakwai yake ci. Ya gwada da suna biyar, ya ga na biyar ya ɗan hau kan layin ƙasa. Ya gani fa, kada ka ce bai gani ba. Ganda ce kawai ta hana shi komawa ya auna. Ya ce ɗigo ɗaya wa zai lura, ya zuba sauran sunayen, ya buga takarda ya miƙa ko dubawa bai yi ba.

To, ɗigo na bin ɗigo, sunaye suka yi ta zamewa ƙasa, har na ƙarshe ya fice daga takardar ɗungurungum. Mai buɗe ƙofar ruwa baƙo ne, takarda kawai yake bi. Kawun ya ga ranarsa ta wuce an tsallake shi, amma kunya ta hana shi cewa a duba aikin ɗan ƙanwarsa, ya ce bari ya jira zagaye na gaba. Kafin a farga albasarsa ta bushe a fangali, wahalar rani guda ta tafi a banza. Da gwanin ya koma kan kwamfutar, lamba ɗaya ya canja komai ya daidaita, ko minti biyu bai yi ba. Wannan shi ya fi ci masa rai. Da ma kawun ya zage shi, da ya ji sauƙi. Abin da dattijon ya ce kawai shi ne, "Ba komai, ɗana, haka Allah ya so." Har yau gwanin nan ba ya iya haɗa ido da shi.

Ka ji dalilin da ya sa Hausawa suka ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.